Malam, ta ina zan fara karanta kundin tsarin mulki?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibar SS2 ce daga wani ƙauye kusa da Ringim, an ba mu aiki kan kundin tsarin mulkin Najeriya, na sauke shi a wayar yayana amma wallahi turancin ya fi ƙarfina ga tsawo kamar ba zai ƙare ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yata. Kar ki ce sai kin karance shi tas, sashe 320 ne cikin babi 8, ko lauyoyi buɗawa suke yi in buƙata ta taso. Wanda ke hannunki na 1999 ne, ya fara aiki ran 29 ga Mayu da Janar Abdulsalami ya miƙa mulki, amma ki duba ko mai gyare-gyare ne don an sha taɓa shi, a 2018 ma aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35.

Ki fara da babi na 4, nan haƙƙinki yake, sashe na 33 'yancin rayuwa, 38 addini, 39 faɗin albarkacin baki, ki ɗau guda ɗaya kullum ki rubuta shi da Hausarki a littafi sannan ki karanta wa Inna, in ta gane to kin gane. Sai ki leƙa sashe na 18 mai maganar ilimi kyauta, ki tambayi malaminku me ya sa sashe na 6 ya hana a kai gwamnati kotu a kansa, ni dai har gobe wannan wurin yana ci min tuwo a ƙwarya.