Labule mai inji yana rage kuɗin wuta kuwa?

Malam, ka tambaya ko labulen taga mai ɗan inji, wanda ke rufe kansa, zai rage maka kuɗin wuta. Zai rage, amma fa sai in kana kunna na'urar sanyaya ɗaki. Shi injin ba ya cin wuta sosai, wasu ma da batir suke aiki. Amfaninsa shi ne ba ya manta lokaci: ka saita shi a waya, azahar na yi zai sauko a tagar yamma, ko kana kasuwa. Wanda ake sawa ta wajen taga ya fi, don na ciki sai zafin ya riga ya ratsa gilashi yake tare shi. In fanka kawai gare ka, gara ka dasa darbejiya a gaban tagar.