Kafin ku miƙa masa lambar yabo, ku je ku murɗa famfon

Assalamu alaikum. Malam Sakatare, tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ka ce ƙungiyar ci gaban garinku ta ɗora maka rubuta tarihin ɗan majalisarku na tarayya da abin da ya yi wa mahaifarsa, za a karanta ranar karrama shi, yaransa sun miƙo maka takarda mai ayyuka talatin da ɗoriya, amma hankalinka bai kwanta da ita ba. Wallahi duk wanda ya taɓa riƙe biro a ƙungiyar gari ya san wannan tsaka mai wuyar. Ka rubuta yadda suka ba ka, gobe kai mutanen unguwa za su riƙa nunawa da baki. Ka rage ko layi ɗaya, a ce 'yan adawa sun saye ka.

Tarihin shi ne mai sauƙi, muddin ba daga bakin sojojin baka ka ɗauko ba. Kowane ɗan takara yana cika fom ɗin EC9 na INEC, wanda a da ake kira CF001, ya rantse a kansa: ranar haihuwa, makarantu, wuraren aiki, da kwafin takardunsa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba kowa damar ya biya kuɗi ya nemi kwafi. Ka gwada shekarun da juna, in takarda ta ce ya gama firamare yana ɗan shekara bakwai, to ka tsallake shekarar kawai. Sauran ka ji daga dattawan unguwarsu, gidan wa ya fito, a tsangayar wa ya yi allo, wace sana'a ya yi kafin siyasa. In "Dakta" ɗinsa na girmamawa ne, ka rubuta na girmamawa. Matakin sakandare tsarin mulki ya nema, ba abin kunya ba ne.

Ayyukan ne wurin rigima. Ka ɗauki jan biro ka raba takardar nan gida uku: wanda ya yi da aljihunsa, wanda ya fito daga kasafin tarayya, da wanda jiha ko ƙaramar hukuma ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) suka yi aka manna hotonsa. Na ukun nan za ka sha mamakin yawansa. Na biyun kuwa su ne ayyukan mazaɓu, waɗanda aka saba ware musu naira biliyan 100 a shekara tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360. A ƙa'ida kuɗin ba ya shiga hannunsa. Shi yana zaɓar aikin da wurin, a cusa shi a kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ke ba da kwangila. Shi ya sa za ka ga allon aikin kwalbati ɗauke da sunan wata kwalejin noma da ke wata jiha can. Ka ɗauki hoton allon, akwai sunan hukumar da na ɗan kwangila. Tracka, shirin bibiyar ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT, yana fitar da jerin ayyukan nan da kuɗinsu, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tun 2019 take bin sawunsu. In kuna son takardar kwangila, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wasiƙa. Sau da yawa shiru za ku ji, amma ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Sai rijiyar burtsatse, nan ne raina yake ɓaci, ku yi mini haƙuri. A ƙasa mai dutse a ƙarƙashi irin yawancin Kano da Zariya da kudancin Katsina, ruwa a tsagar dutse yake, dole a yi awo kafin motar haƙa ta kafa. Masu haƙar ba sa yi. Kodinetan ɗan majalisar ne zai nuna ƙofar gidan wani jigon jam'iyya ya ce a haƙa nan. Su zo da damina, ruwa yana sama, a mita 25 ko 30 ya tsarto, a yi kabbara a naɗe kaya, alhali mita 60 ko 70 aka biya. Ba a zuba tsakuwa a gefen bututu yadda ya kamata ba, famfo yana tsotsar yashi. Ba a sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya janye ba. Watan Maris na kamawa ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. A takarda tanki biyu ne masu lita 5,000, a kan ƙarfe ɗaya za ka gani. Faifan sola ba walda ba shinge, wata uku ɓarayi sun kwance. Mu nan idonmu ya ga inda aka kawo tankar ruwa da tsakar dare aka cika tanki, da safe mai girma ya murɗa famfo, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki bidiyo. Kwana biyu ruwan ya ƙare. Har yau 'yan matan unguwar da jarka suke tafiya bayan gari kafin su wuce makaranta, shi kuwa kodinetan da ya shirya wannan abin ya tayar da bene, yana wucewa ta gaban busasshen tankin kullum ko kunya. A jana'iza shi ne a sahun gaba. Allah ya isa, ba mu yafe ba. Kuma abin haushin, mai yiwuwa shi kansa ɗan majalisar bai taɓa komawa ya duba ba, hoto aka nuna masa a waya.

To ka je da bazara, da rana tsaka, ka tara jarka mai lita 25 ka duba minti nawa ta cika. Ka tambayi 'yan ga-ruwa nawa suke sayar da jarka a unguwar kafin rijiyar da bayanta, su ba sa siyasa da farashi.

Ajin makaranta kuma ka goga mukulli a jikin bulo. Buhun siminti mai kilo 50 bulo wajen 30 ya kamata ya bayar na inci tara, in an buga 50 ko 60 za ka ga yana zuba kamar gari. Taransifoma kada ka ƙirga ta don an ajiye ta kan dakali, sai an ja mata waya an haɗa ta da layi tana ba da wuta. Asibiti ka tambayi wa ke kwana a ciki, domin ma'aikata daga jiha ko ƙaramar hukuma suke zuwa, in bai bi wannan ba jemagu ya gina wa ɗaki. Babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe, ka nemi sunayen waɗanda suka karɓa, ka bi goma ka ga nawa ne ba su sayar ba a satin.

Ni abin da ke ba ni tausayi ma, mun mayar da ɗan majalisa ɗan kwangila. Ba wanda ke tambayar ƙuduri nawa ya kai zaure, ko ofishin mazaɓarsa a buɗe yake. Marigayi Abubakar Rimi, ɗan ƙauyen Rimi ta Sumaila, ya yi gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, tsofaffi har gobe soke haraji da jangali suke fara ambata, abin da ba shi da allo ko fenti. Kai, na yi nisa.

Kada ka zaga kai kaɗai, za su ce ƙiyayya ce. Ku tafi mutum uku, da wakilin mai unguwa da ɗaya daga cikin yaran nasa, kowa ya sa hannu a abin da aka gani. Wanda ya yi da aljihunsa, kuɗin NECO da JAMB da ya biya wa ɗalibai, ka tabbatar wurin shugabannin makarantu ka yaba masa sosai, haƙƙinsa ne. Na kasafi ka rubuta "ya kawo", ba "ya gina" ba. Ayyukan da suka mutu kuwa kada ka karanta su a bainar jama'a, ka buga su a takarda daban, shugaban ƙungiya ya miƙa masa hannu da hannu a ɗakin baƙi kafin a fito fili, tare da kiyasin kuɗin gyaran kowanne. Zaɓe na matsowa, yanzu ne yake ɗaga waya. Allah ya ba ka sa'a, Malam Sakatare.