Amsa ga ɗan'uwan da kofinsa ke fitowa da tsami

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta shekara biyu baya. Ka ce ka sayi injin espresso, mai haɗa gahawa mai ƙarfi da matsin ruwan zafi, kana so ka bar kofi gauraye ka koma na ƙasa ɗaya, an ba ka shawarar na Habasha ko na Kenya, amma na Habashan da ka gwada tsami yake yi kamar an matse lemo a ciki. Wallahi na san wannan tsamin, har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina.

Don Allah kada ka fara da waɗannan biyun. Ba don ba su da kyau ba, ni kaina yanzu na yankin Guji na Habasha nake sha. Sai dai ba su da haƙuri da sabon hannu ko kaɗan.

Ni wani mai sayarwa a intanet ne ya jefa ni ciki. Na faɗa masa gaskiya cewa satina biyu da sayen inji, ban iya komai ba. Ya ce ai yana da na yankin Yirgacheffe na Habasha, wankakke, wato wanda aka cire wa ɓawo aka wanke kafin a shanya, suya sama-sama, ko yaro zai haɗa shi. Na tura kuɗi masu ciwo aka kawo min giram 250. Kana zuba giram 18 kowane haɗi, ka ga finjali 13 ke nan da ɗan saura. Cikin kwana biyu na zubar da tara a rariya. In niƙa da ɗan tsaki, ruwa ya zubo cikin daƙiƙa 12, fari sol, tsami kamar tsamiya. In ƙara laushi, inji ya shaƙe yana gurnani ba ɗigo ko ɗaya. Ranar da ta fi min ciwo ita ce ranar da yayan uwargida ya zo, mutumin da ya zauna a Jidda shekaru, ya san gahawa. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye finjalin a hankali a gefen darduma, ya ce Allah ya amfana, sannan ya tambayi ƙanwarsa ko akwai shayi. Bai ƙara cewa komai ba, kuma shirun nan ne ya hana ni barci.

Da na rubuta wa mai kofin, ka san me ya ce? Wai harshena ne bai waye ba, wai haka kofi na manya yake. Na tambaye shi ranar da aka soya, tunda babu a jikin ledar, daga nan ya daina amsawa. Kuɗin ban damu da su ba kamar maganar. Mutum ya zo maka a matsayin ɗalibi, ka sayar masa da abin da ka san zai ba shi wahala, ka dawo ka raina shi. Wata uku injin yana lulluɓe da tsumma a kan kanta, in na shiga kicin kau da kai nake yi. Har yanzu ina ganin tallansa yana wucewa, raina yana ɓaci.

Daga baya na gane dalili. Kofin Yirgacheffe a kan tsaunuka yake fita, wasu gonakin sun kai mita 2,000, ƙwayar tana da tauri, in kuma ba a soya ta sosai ba ruwa ba ya saurin zuƙo zaƙinta. Tsamin ne ke fara fitowa, zaƙin yana baya. Yana son ruwa mai zafi sosai da niƙa mai laushi iri ɗaya, ƙananan injinanmu kuwa ba sa riƙe zafi. Na Kenya, irin shukar da ake kira SL28 da SL34, ya ma fi shi kaifi, kamar zoɓo ba sukari.

Nemi na Brazil, Cerrado ko Sul de Minas, wanda aka shanya da ɓawonsa, matsakaiciyar suya. Ɗanɗanon cakulan da soyayyar gyaɗa yake bayarwa, ko ka ɗan kuskure zai shawu, kuma yana shiga da madara. Ranar da na fara haɗa shi na ga ruwan yana sauka da kauri kamar zuma, kumfa ja-ja a sama, sai da na kira uwargida ta zo ta gani. In ba ka samu ba, na Kolombiya daga Huila ko na Guatemala daga Antigua ma suna da sauƙin kai.

Kuma kar ka sayi ƙaramar leda ɗaya. Sayi rabin kilo na abu ɗaya ka zauna a kansa, don kowane sabon kofi sai ka sake saita niƙa. Leda ba ranar suya, bar musu kayansu. Wanda aka soya jiya ma kar ka yi gaggawa, ba shi kwana 7 zuwa 10 iskar cikinsa ta fita.

Kana da sikeli kuwa? Garin kofi giram 18 ya shiga, ruwan kofi giram 36 ya fito, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya yi tsami ƙara laushi, in ya yi ɗaci da bauri rage. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ni a lokacin komai nake taɓawa tare don haushi. Da hunturu kuma za ka ga garin yana manne wa jikin injin niƙa yana tashi, jiƙa bakin cokali ka juya ƙwayar kafin ka niƙa, shi ke nan. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri kar ya shiga injinka, farin dutse yake tarawa a ciki, nawa sai da aka buɗe shi.

Abin da ke ba ni takaici, muna da kofi nau'in arabika a Mambila ta jihar Taraba, ga na tsaunukan Kamaru wajen Bamenda, amma samun wanda aka soya da kyau da kwanan wata a jiki sai an sha nema. In wani a nan ya san mai yi da gaskiya, ya taimaka ya faɗa mana.

Sauran na Habashan da ke hannunka kar ka zubar. Ɗaure shi sosai ka sa a firiza, in hannunka ya faɗa sai ka gwada shi, gari giram 18 ya shiga, ruwa giram 45 ya fito, ka bar inji ya yi zafi sosai tukuna. Ba ka faɗi irin abin niƙan da kake da shi ba. In mai wuƙa ne irin na markaɗen yaji, turo min hotonsa kafin ka sake kashe ko sisi a kan kofi.