Tambaya da Amsa: Lambobin Waya da Layin da Ya Dace a Tsibirin Saifurus

Tambaya: Ɗana zai fara karatu a Arewacin Saifurus. Na kira lambar makarantarsu da +357, ta ƙi shiga. Ina matsalar take? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, lambar ƙasar ce ba daidai ba. Tun 1974 tsibirin ya rabu gida biyu, kowane ɓangare da tsarin wayarsa. +357 ta kudu ce, inda lambobi ke da alƙalumma 8: na Nikosiya suna farawa da 22, Larnaka 24, Limasol 25, Fafos 26. Arewa kuwa a ƙarƙashin lambar Turkiyya take. Wayar ofis sai ki danna +90, sannan 392, sannan alƙalumma 7. Wayar hannu takan fara da 0533 idan ta Turkcell ce, ko 0542 da 0548 idan ta Telsim ce. Daga Najeriya ki cire sifirin farko, ki fara da +90 533, misali, idan ta Turkcell ce. Wannan sifirin shi ne ke hana kiran mutane da yawa shiga.

Tambaya: In tafi da layina na gida, ko in sayi na can? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, riƙe biyun. Na gida ka bar shi don saƙon banki, amma ka kashe masa data tun kafin jirgi ya sauka, in ba haka ba kuɗin da ke ciki zai ƙare kafin ka fita filin jirgi. Na can ka saya da fasfo a shagon kamfanin. Kada ka yi gaggawar saye a Istanbul lokacin canjin jirgi: sunan kamfanin ɗaya ne, amma layin Turkiyya baƙo ne a Arewacin Saifurus.

Abin da ya fi ba ɗalibai wahala shi ne rajistar wayar kanta. Wayar da aka shigo da ita daga waje takan yi aiki na ɗan lokaci da layin arewa, daga baya a toshe ta idan ba a yi mata rajista ba. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da ake rajista da ita, ka ajiye. Mai layi biyu tana da lamba biyu, kuma kowacce rajistarta daban. Ka tabbata kuma wayar ba a kulle take da wani kamfani ba, musamman tokumbo daga Amurka. Caja dai ba matsala, soket mai ƙafa uku suke amfani da shi kamar namu.

Tambaya: Layin arewa yana aiki a kudu?

Amsa: Tun 2019 yana aiki, amma da tsada, don ana cajinka tamkar ka fita waje. Rangwamen Tarayyar Turai na kira a farashin gida bai shafi arewa ba. In kana zaune kusa da iyaka a Nikosiya, zaɓi kamfaninka da hannu a saitin waya, kada ta kama na ɗaya ɓangaren ba ka sani ba.