Muryar Yaya ga 'yan gida kan jinyar Kawu

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na saurari saƙonka, kana tambaya yanzu da aka sallamo Kawu daga asibitin Shika bayan shanyewar ɓarin jikin nan, me za a riƙa yi masa a gida, mu kuma na guruf da me za mu taimaka. Bari in yi da baki.

Jinyar nan ta watanni ce, wannan nake so kowa ya riƙe. Mu mutanen Zariya mun iya dubiya. Makon farko zaure ba masaka tsinke, ga lemo ga ayaba, amma bayan sati uku sai ka tarar Gwaggo ce kaɗai a kansa. Alhali watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, a nan ne ake buƙatar hannu. Don Allah mu raba kwanaki. Daga Tudun Wada zuwa Shika ba nan kusa ba ne ga mutumin da ba ya iya hawa mashin, to mai mota ya ɗauki ranar fisiyo, wato ranar kai shi asibiti a motsa masa jiki, wanda ba ya gari ya sa hannu a karo-karon kuɗin magani duk wata. Matan gida kuma a riƙa karɓar Gwaggo ko na yini guda ne ta samu ta yi barci.

Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi. Hawan jinin ne ya fi jawo wannan ciwo, kuma yana iya maimaitawa. Na ji ana cewa iska ce ta buge shi. Addu'a da tofi kam mu dage, amma kada a ajiye maganin asibiti saboda su. A rage gishiri da dunƙule a miyarsa, a sayi na'urar awo a riƙa rubuta abin da ta nuna a kai wa likita.

To abin da ya shafi cikin ɗaki. Hannun da ya shanye, kada wanda ya ja shi wajen tayar da Kawu, kafaɗar tana iya gocewa, ciwonta kuma ya daɗe. A sa filo a tallafe shi. Wajen sa riga a fara da hannun mai rauni, wajen cirewa a fara da mai lafiya. Abinci kuwa sai an zaunar da shi sosai, kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai kauri ya fi masa sauƙin haɗiya fiye da ruwa zalla. In yana tari ko muryarsa ta canza bayan ya sha abu, a tsaya, a gaya wa likita, don abin na iya sauka huhu. In ya daɗe a kwance a riƙa juya shi kamar duk awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Sai maganar da ta fi damuna, tausayi. Kada mu yi masa komai da komai. A bar shi ya riƙe cokalinsa ko zai zubar, ya shafa fuskarsa wajen alwala, ya yi sallarsa a zaune. Maganarsa ta sarƙe, amma yana jin ku, yana ganewa. Kada a zauna a gabansa ana "Allah sarki, ka ga yadda ya koma". Mutumin da ya saba riƙe gida, wannan kalmar karya masa zuciya take, kuma baƙin ciki yana yawan kama masu wannan ciwo har su ƙi motsa jiki. Ku tambaye shi abu ɗaya, ku jira ya amsa, kada ku ƙarasa masa. Bayan la'asar a fito da shi ƙofar gida kan kujera, abokan majalisarsa su zo su yi hirarsu ta kasuwa da siyasa yadda suka saba.

In kuka ga baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice farat ɗaya, asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Kada a ba shi asfirin kafin a je, domin wani shanyewar jikin toshewar jijiyar jini ne, wani kuma fashewarta, sai hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa.

Ni na ɗauki Laraba, da mota da rakiya. Kowa ya rubuta ranarsa a ƙarƙashin wannan saƙon kafin Juma'a. Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya sa kaffara ne.