Hayaƙin da Ake Yi wa Ƙudan Zuma da Wutar da Ake Ƙona Su: Hukuncinsu Ɗaya Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamin makaranta ne, ina da 'yar gona a bayan gari, kuma na fara koyon kiwon zuma don sha'awa da abin da iyali za su sha. Kafinta ya yi mini amya ta katako guda biyu, na shafa musu kaki, zuma ta shiga ɗaya. Kawuna ya daɗe yana rataya amya a kan ɗorawa, yana ɗiba da dare da wuta. Da na ce masa ƙona su bai halatta ba, sai ya ce ai hayaƙin da nake hura musu ma daga wuta yake, in laifi ne duk mun faɗa. Wani kuma ya ce kwashe zumar ma zalunci ne tunda abincinsu ne. Ga maƙwabcin gonata yana ƙorafi sun harbi yaronsa. Malam, mene ne hukuncin waɗannan, kuma akwai zakka a zuma?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kiwon zuma halal ne, ko don sha'awa ko don neman abinci. A Suratun Nahli, aya ta 68, Allah Ya ambaci wurare uku da Ya yi wa ƙudan zuma ilhamar ya yi gida: duwatsu, da bishiyoyi, da abin da mutane suke ginawa. Amyar kawunka ta ciyawa da taka ta katako duk suna cikin na ukun. Aya ta 69 kuma ta ce abin sha mai launi iri-iri yana fita daga cikkunansu, a cikinsa akwai waraka ga mutane. Wannan ya ishe ka amsa ga wanda ya ce ɗibar zuma zalunci ne, domin Wanda Ya halicce su ne Ya ce a cikinta akwai rabon mutane, kuma Nana A'isha ta ba da labari, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) yana son zuma. Inda zalunci yake shiga shi ne yadda ake ɗibar, kuma nan ne maganarka da kawunka take.

Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da wani tsuntsu da ake kira suradu. Abu Dawuda ya kuma ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da aka ƙona a wata tafiya, ya tambayi wanda ya ƙona, sannan ya ce bai kamata kowa ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. A Muwaɗɗa, cikin wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan zai fita yaƙi Sham, akwai hanin ƙona ƙudan zuma. Wasu riwayoyin sun karanta kalmar da dabino maimakon ƙudan zuma, amma ko ba ita hadisan biyu sun wadatar. Ibn Abi Zaid ma a ƙarshen Risala, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya karanta, ya ce makaruhi ne a kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, alhali waɗannan masu cutarwa ne. To ina ga halittar da aka hana kashe ta da sunanta, kuma take ba ka abin sha?

Wanda ya cusa harshen wuta cikin amya ya tara hani biyu, kisa da kisa da wuta. Fukafukansu suna ƙonewa, tsutsar da ke cikin saƙa tana dahuwa, sau da yawa sarauniyar ma tana halaka, waɗanda suka tsira su watse. A zamanin da ba a san wata hanya ba, malami zai iya duba larura ya sassauta. Yau akwai hanyar da za a sami zumar ba tare da wannan ɓarna ba, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba, saboda haka uzurin ya faɗi. Abin da nake gani shi ne ƙona su da gangan haramun ne ga wanda ya san hukuncin kuma yake da ikon kauce masa.

Hayaƙi kuwa daban yake. Shari'a ta rataya hanin ne a kan azabtarwa da halakarwa, kuma hayaƙin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya yin ko ɗaya. Ƙudan zuma idan ya ji barazana yana fitar da wani wari da yake kiran 'yan'uwansa su kawo hari. Hayaƙi yana rufe wannan warin, yana kuma sa su duƙufa shan zuma, sai su lafa. Bayan ka rufe amyar ba da daɗewa ba sun koma aikinsu. Hasali ma rai yake tsarewa, domin ƙudan zuma idan ya harbi mutum ƙarinsa yana maƙalewa a fata, shi kuma ya mutu. Duk harbin da hayaƙi ya hana, ƙuda ɗaya ya tsira. Sharaɗin shi ne hayaƙin ya zama fari mai sanyi, daga busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko ɗiɗɗigar katako, ka gwada shi a bayan hannunka kafin ka hura musu. Ban da roba, ban da leda, ban da tsumman da ya sha fetur ko maganin ƙwari, don waɗannan suna kashe su, suna kuma lalata zumar da mutane za su sha. Idan abin hura hayaƙin ya fara tofar da tartsatsi, ka koma hukuncin wuta. Waɗanda kuwa suka mutu bisa kuskure, ka danne su da murfi ko suka faɗa cikin zuma, babu laifi a kanka, kuma gawarsu ba ta najasta zumar, domin ba su da jini mai gudana. Ka tace ka sha.

Shi kuma kawunka, ka bi shi da ladabi. Bai yi don mugunta ba, abin da ya taras ke nan, kuma ya fi ka sanin lokacin furen ɗorawa da kaɗanya da inda zuma take son sauka. Kada ka tsaya jayayya da shi a gaban mutane. Ka kai masa abin hura hayaƙi da rigar kariya, ka roƙe shi ya raka ka ranar ɗibarka, ya gani da idonsa cewa zumar ta fito fes ba ƙauri, ƙudan kuma suna nan za su sake tarawa.

Amyar da kafinta ya yi maka, in irin mai sanduna a sama ce wadda aka fi sani da ta Kenya, ta sauƙaƙa maka bin shari'a a nan. Kowace saƙa tana rataye a sandarta, kana ɗaga ta ka duba kafin ka yanka. Wadda ke ɗauke da ƙwai da tsutsa ka mayar da ita yadda ka same ta. Wadda ba su gama toshe bakinta da kaki ba ita ma ka bar ta, don ruwanta bai gama tsanewa ba, in ka tatse ta za ta yi tsami. Ka ɗauki wadda aka toshe kawai, ita ma kada ka kwashe duka. Malaman fiƙihu sun hana mai saniya ya tatse nonon da zai cutar da ɗan maraƙinta, kuma sun faɗi irin wannan game da mai zuma, cewa ya bar musu abin da zai ishe su. Tunda kai ka jawo su gidan da ka gina, kulawarsu ta hau kanka: inuwa, da ruwan sha kusa a lokacin bazara da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse, da tsare ƙafafun amyar daga cinnaka da kwarkwasa. In furanni suka yanke ka ga za su gudu saboda yunwa, babu laifi ka ba su ruwan sukari. Amma abin da suka tara daga wannan sukarin kada ka sayar wa kowa da sunan zumar fure, balle ka haɗa da hannunka. Hadisin Muslim a kan algus bai bar ƙofa ba: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Maganar maƙwabcinka ita ce ta fi damuna a tambayarka, kuma ina so ka ɗauke ta da nauyi fiye da yadda ka rubuto ta. Malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan mai kiwon abin da ba a iya tsare shi, kamar zuma da tattabaru, idan yana cutar da mutane. Ibn Ƙasim yana ganin ba za a hana shi ba. Muɗarrif da Ibn Habib suna ganin za a hana shi, Ibn Arafa kuma ya ƙarfafa maganarsu. Ita nake ba ka fatawa da ita, saboda hadisin nan na babu cuta babu cutarwa, kuma saboda zumar ƙasarmu tana da zafin rai, in ta fusata tana bin mutum da nisa, tana iya kashe akuyar da aka ɗaure ta kasa gudu. Akwai kuma mutanen da harbi ɗaya yake kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara, irin wannan asibiti ake kai shi nan take. Sha'awarka ba ta kai ran yaron mutane ba. Ka je ka duba yaron, in an kashe kuɗin magani ka biya, ka ba mahaifinsa haƙuri. Sannan ka matsar da amyar nesa da iyakar gonarsa da hanyar da mutane da dabbobi suke bi, ka juya ƙofarta ta kalli inda ba kowa, ka yi mata shinge mai tsayi don su riƙa tashi sama. Ka riƙa buɗe ta da yamma lis bayan an tashi daga gona, kuma ka sanar da shi ranar. In ka yi duk wannan cutar ba ta gushe ba, wajibi ne ka ɗauke ta daga wurin. Idan kuma aka faɗa maka ka yi biris har aka sake cutuwa, ramuwa tana kanka. Shi ma maƙwabcin ka roƙe shi ya riƙa faɗa maka ranar da zai yi feshin maganin ƙwari, kuma in an ɗebo zuma kada a manta da gidansa.

Wata mas'ala da za ta same ka ko ba jima: zumar daji da ta shiga amyarka taka ce, kamar yadda ya zo a Mudawwana cewa wanda ya kafa amya shi ke da abin da ya shige ta. In kuwa ka san daga amyar wani ta taso kuma ana iya mayar masa, ka mayar.

Zakka kuma, Imam Malik da Imam Shafi'i a maganarsa ta ƙarshe sun ce babu ita a zuma. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa Abubakar ɗan Hazm, yana Mina, cewa kada ya karɓi zakka a zuma ko dawaki. Abu Hanifa da Ahmad sun ce a fitar da ushuri, ɗaya bisa goma. Daga hujjojinsu akwai labarin Hilal na ƙabilar Banu Mut'an a Sunan Abu Dawuda, wanda ya kawo wa Annabi (SAW) ushurin zumarsa ya nemi a keɓe masa wani kwari mai suna Salaba. Sai dai wasiƙar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi a ƙarshen labarin ta nuna abin da ya bayar a madadin tsare masa kwarin ne, domin ya ce in ya ci gaba da bayarwa a tsare masa, in ya daina kowa ya ci. Bukhari kuma ya ce babu abin da ya inganta a zakkar zuma. Saboda haka babu zakka a kan zumar da ka ɗiba, komai yawanta. In ka sayar, kuɗin ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, shekara kuma ta zagayo masa a hannunka, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in kamar kowane kuɗi. Wanda ya fitar da ushurin don fita daga saɓani ya kyauta, amma ba a wajabta masa ba.

Tunda ka ce iyali za su sha, ka sani likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasa ce, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙar ta ba tukuna. Sunnar tauna abu a sa wa jariri a baki da dabino ta zo, sai a tsaya a kansa.

Wallahu a'alam.