Amsar oga bakanike kan wanet (a-kori-kura) ɗin da ke kasa jan tankin ruwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ina cikin warsha ne. Alhaji, na saurari muryarka tun da safe. Ka ce Hilux ɗinka tsohuwa mai injin 22R, in ka ɗaura mata tirela da tankin ruwa lita 1,500 daga Makka zuwa gonar da kake kula da ita wajen Ɗa'if, sai ta riƙa nishi a hawa, allurar zafi tana tashi. Wasu sun ce ka sa tarbo, na'urar nan mai cusa wa inji ƙarin iska, wasu sun ce ka je tashliya, inda ake sayar da sassan matattun motoci, ka ɗauko babban inji. To ni dai, Allah ya ba ka haƙuri, ba da inji zan fara ba.

Ka ga abin da kake nema ba gudu ba ne. Ƙarfin ja ne, abin da Larabawa ke ce wa azam. Ƙarfin ja kuwa a taya ake auna shi. Inji yana bayar da nasa, giya ta ninka, difransha, wato akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya, ta sake ninkawa, taya kuma ta rage gwargwadon girmanta. Shi 22R lita 2.4 ne, ƙarfin jansa ko 200 bai kai ba a ma'aunin Nm, yana sabo ma ke nan. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, wato tan ɗaya da rabi kake ja, ban da nauyin tankin da ita tirelar. Sannan Makka ƙasa take, Ɗa'if kuwa ta ɗara ta tsawo da fiye da mita 1,500. Injin da ba shi da tarbo, duk mita 300 da ka hau yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa saboda iska ta yi sako-sako. Kafin ka isa gonar, kusan kashi 15 sun tafi. Motar ba ƙiwa take yi ba, jaki aka ɗora wa kayan raƙumi.

Na ga hoton da ka turo kwanaki. Tayoyin nan masu faɗi da ka sa, masu inci 31, kyau dai sun yi kyau, amma su ne ɓarawon farko. In asalin tayarta wajen inci 28 ce, ka zubar da kashi 10 na ƙarfin ja da kuɗinka. Mayar mata da tata, mai ɗaukar kaya. Wannan ko sisi ba za ka ba bakanike ba.

Sai difransha. A nan nake so ka tsaya da kyau. Kurona da finiyon, wato haƙoran nan biyu da ke cikinta, na Toyota suna zuwa iri-iri, akwai 4.10, akwai 4.30, akwai 4.56, akwai 4.88. Ma'anar 4.10 shi ne sandar da ta taso daga giya ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In taka 4.10 ce ka koma 4.88, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kashi 19, a kowace giya, kuma ba ka kwance ko noti ɗaya a jikin inji ba. Abin da za ka biya shi ne a titi miƙaƙƙe inji zai riƙa kuka sama, mai zai ɗan ƙara tafiya, gudun ƙarshe ya ragu. Mai jan ruwa ina shi ina gudu? Sai dai in motar mai dabal ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, difranshar gaba da ta baya tare ake sauyawa, in ba haka ba ranar da ka sa dabal za ka ji abin da ba ka so. Kuma a ba wanda ya iya saita haƙoran, don in ya kuskure za ta riƙa yi maka guɗa har gida.

Zafin da take yi kuma, kar ka yi wasa da shi. Kan silindan 22R alminiyon ne, in ya dafu sau biyu uku sai ya lanƙwashe, gasket ta tafi. A wanke lagireto ko a sa mai layi uku, a duba kulocin fanka, a sa ruwan lagireto na gaske, ba ruwan famfo ba. Masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don zafin Saudiyya, ni ban yarda da su ba. A auna matsin kowace silinda, a saita bawul, a wanke kafireta, a saurari sarƙar taimin, don robar da ke riƙe da ita tana cinyewa a injin nan. Sau da yawa ƙarfin da mutum ke nema a tashliya yana nan kwance cikin injinsa.

Tarbo a kan tsohon inji mai kafireta, a wannan zafin namu, a'a wallahi. In lallai sai an sauya, injin Toyota 3RZ lita 2.7 shi ne ɗan gida, yana ba da wajen 240 Nm, amma da wayoyinsa da kwamfutarsa da famfon mai za ka saya, ga kuloci. Kuma ka fara zuwa murur, ofishin 'yan sandan hanya, don sauya asalin mota ba izini mukhalafa ce, wato laifi mai tara, ga fahas, binciken lafiyar mota, yana jiranka.

Wani abu da ba wanda ya ambata a zauren nan: birki. Hawan da kake kuka da shi sai ka sauko shi. Tirela mai nauyin nan tana son birkin kanta, tankin kuma ko a cika shi fal ko a sa masa shamaki a ciki, don rabin tanki in ya yi tambal-tambal a kwana shi zai tuƙa ka. Ka bi ta hanyar Sail, ka bar hanyar Hada da lanƙwasarta, ka sauko da giya ta biyu.

Yanzu ka buɗe bonet, akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambobi, ka ɗauko min hotonsa, daga nan zan gane difranshar da ke ƙarƙashinka. Ga kiran Magariba nan, sai na ga hoton.